Yadda Ido Ke Tsallaka Layi

Wanda ya zauna gaban mai karatu ya ƙura wa ƙwayar idonsa ido zai ga abin da shi mai karatun bai san yana yi ba. A ransa gani yake idonsa na bin layi sumul daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙwayar kuwa ba haka take tafiya ba. Takan tsaya cak, ta yi wuf ta faɗa gaba, ta sake tsayawa, ta sake yin wuf. Tun a ƙarshen shekarun 1870 aka lura da wannan a ɗakin binciken wani likitan ido Bafaranshe mai suna Emile Javal a birnin Paris, kuma na'urorin da aka ƙera daga baya sun auna abin dalla-dalla. Kowace tsayuwa kan ɗauki kimanin rubu'in sakan. Tsallen ya fi ƙiftawar ido sauri, kuma a rubutun Turanci yakan haye haruffa 7 zuwa 9.

Abin mamakin yana cikin tsallen. Yayin da ƙwayar ke wucewa daga wannan matsaya zuwa waccan, ba ta ɗaukar komai na rubutun. Sau uku ko huɗu a kowane sakan mai karatu kan rasa gani, amma bai taɓa jin ya rasa ba, domin ƙwaƙwalwa na haɗa guntayen ta miƙa masa layi cikakke. Wurin da ido ke gani tar ma ɗan mitsitsi ne, bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan aka miƙe hannu. Da Mahalicci Ya so, da Ya ba mu idon da ke kwashe shafi guda a kallo ɗaya. Sai Ya ba mu 'yar ƙaramar taga da ikon tsalle, Ya bar wa hankali sauran aikin.

A 1975 wasu masana biyu a Amurka, George McConkie da Keith Rayner, suka haɗa na'urar bin ido da kwamfuta, ta yadda rubutu zai fito daidai a inda ido ya tsaya kawai, na gefe da gefe kuwa a dagula shi. Suna faɗaɗa tagar suna matse ta, har aka gane iyakar abin da mai karatu ke amfana da shi. Mai karanta Turanci na tsinkayar haruffa 14 zuwa 15 a damansa, amma 3 ko 4 kacal a hagunsa. Ashe ido ya fi leƙen inda za shi a kan inda ya baro. Ba kuma da wannan karkata aka haife shi ba, koyonta ya yi. Masu karanta Larabci da Ibrananci tagarsu hagu ta karkata, wanda kuma ya iya rubutu iri biyu idonsa kan juya tagar da kansa. Duk Bahaushen da ya ajiye littafin ajami ya ɗauki jaridar boko yana yin wannan juyi bai sani ba.

To, a dubi idon Basine baligi, wato mutumin ƙasar Sin. Ya tashi da rubutun da kowane harafi ke zaune cikin murabba'i daidai da na maƙwabcinsa, kowanne gaɓa ce guda, kuma galibi yana ɗauke da ma'anarsa. Ba a barin fili tsakanin kalma da kalma. Haruffa na jere kafaɗa da kafaɗa har sai alamar tsayawa ta raba su, mai karatu ne ke yanka su kalma-kalma a zuci. Haruffa 3,500 ne hukuma ta ware a matsayin na yau da kullum. Da yake rubutun a cunkushe yake, tagar wannan ido ba ta wuce harafi ɗaya a hagu da kamar uku a dama, tsallensa kuma gajere ne. A fagensa gwani ne na gaske. A wani bincike da aka yi a birnin Tianjin aka wallafa a 2008, an raba wa manyan masu karatu kalmomin Sinanci da fili, amma hakan bai ƙara musu sauri ba. Shi kuwa Turanci, da zarar an cire filin da ke tsakanin kalmominsa, saurin gwanayensa ma kan faɗi ƙwarai, wani lokaci har kusan rabi.

Wannan idon ne ake ɗora wa shafin Turanci. Kalmomi ga su nan dogaye da gajeru, kuma farin filin da bai saba kulawa da shi ba shi ne ke nuna inda za a sauka, wato dab da tsakiyar kalma. Wani yanki na ma'ana yana maƙale a wutsiyar kalma, a 'yan haruffa irin su -ed da -s, alhali a Sinanci aikatau ba ya sauya siffa ko jiya aka yi aikin ko gobe za a yi. Tsarin jimlar ma a juye yake. Bature, kamar Bahaushe, yakan ce "kayan da muka aiko muku watan jiya", ya fara da kayan sannan bayani ya biyo baya. Basine kuwa sai ya gama jero bayanin sannan ya ambaci kayan. Shi ya sa ɗalibai da yawa kan ruga ƙarshen jimlar Turanci su riƙa warware ta da baya da baya, don ta hau tsarin da kansu ya saba da shi.

A biranen Guangzhou da Yiwu, inda 'yan kasuwar duniya har da namu na Kano ke sarin kaya, akwai ma'aikata da yawa da abincinsu ya rataya a kan karanta wasiƙun Turanci. A ɗauki takardar ɗaya daga cikinsu a duba. A saman kusan kowace kalma akwai ɗan harafin Sinanci da aka rubuta da fensir, ƙanana ƙwarai, har farin da ke tsakanin layuka ya cike. An ja layi a ƙarƙashin wasu kalmomi, an zagaye wasu, kibiya ta taso daga ƙarshen jimla ta koma farkonta. Mai takardar ba rago ba ne. Ƙasarsa na da jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a tun 1987, wadda matakinta na farko ke neman kalmomi wajen 4,500, kuma ya haddace su. An horar da shi a kan abin da suke kira jingdu, karatun ƙwaƙƙwafi, inda ake shafe darasi guda ana feɗe ɗan gajeren nassi jimla-jimla.

A ce wasiƙar na cewa kaya sun iso a makare, kwalaye biyu sun jiƙe, duk da haka an gamsu da ingancinsu, kuma za a ƙara sayen wasu muddin aka gyara ɗauri. Idonsa ya iso kalmar da ke nufin jiƙewa, bai san ta ba, ya tsaya. Ya buɗe ƙamus a waya, ya ga ma'ana uku, ya zaɓi ɗaya ya rubuta. Kafin ya dawo kan layi, farkon jimlar ya gudu daga kansa, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe kalmomin da ba a ɗaure su da juna ba sai na 'yan sakanni. Ya koma ya faro. Da ya isa ga "duk da haka" ya gaji, zuciyarsa kuma ta riga ta yanke cewa wasiƙar ƙorafi ce. A ƙarshe ya san kowace kalma, amma saƙon ya wuce shi. Abin ya yi kama da tsallaka rafi a kan duwatsu: mai tafiya da ɗan hanzari yana duban dutse na gaba yakan haye lafiya, wanda ya tsaya gwada ƙarfin kowane dutse da ƙafa biyu shi ne ke tangaɗi ya faɗa ruwa.

Gwanin karanta Turanci kan cinye kalmomi kusan 240 a minti, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmomin ba ya sauka a kansu sam. Ya hango su ta gefen taga, ya gane su, ya wuce. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan sanin kima ake so idon ɗalibi ya samu, kuma ba ya samuwa da haddar jerin kalmomi. Malamai kan tura shi ga fandu, karatu mai yawa a sake, ba fensir ba ƙamus. Sai dai akwai sharaɗi. Hu Hsueh-chao da Paul Nation, a binciken da suka wallafa a 2000, sun nuna cewa mai karatu na bukatar sanin kusan kalmomi 98 cikin 100 kafin ya fahimci labari da kansa, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin. Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa kaiwa ga hakan a jarida ko littafin labari na manya na neman tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000 da rassansu. Don haka sai baligi ya sauke girma ya fara da littattafai masu sauƙi, ya karanta su da yawa, ya koyi ɗaukar kalmomi uku ko huɗu a dunƙule, ya jure wa baƙuwar kalma har ƙarshen sakin layi, ya kuma sa ido a kan ƙananan kalmomin da ke juya magana, takwarorin "amma" da "sai dai" da "muddin".

Ba a ce kada ya waiwaya ba. Gwanaye ma kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na tsallen idonsu baya yake komawa. Waiwaye adon tafiya ne. Bambancin yana ga dalili. Ɗalibi na komawa baya don tsoro, ko da bai ɓata ba. Gwani na komawa ne lokacin da ma'ana ta ƙi haɗuwa, kuma sau da yawa idonsa kan dira kusa da inda kuskuren yake, ya gyara, ya ci gaba.

Duk wannan tsari da aka shimfiɗa a ƙwayar ido, haka yake a zaman mutane. Maganar ɗan Adam ma jimla ce mai tsawo, kuma kunne ma 'yar taga gare shi. Akwai mai sauraron da idan kalma ɗaya ta soke shi, nan zai kafe. Miji ya ce wa matarsa abinci ya yi gishiri, kafin ya kai ga cewa duk da haka ya fi na ko'ina daɗi a wurinsa, fuska ta riga ta sauya. Ɗa ya ce wa mahaifinsa "Baba, wannan sana'ar ba ta fisshe ni", uban bai jira ya ji "amma ba zan bar ta ba sai da izininka" ba, ya hau faɗa. A yanko rabin jawabin malami ko shugaba a watsa a WhatsApp, jama'a su kwana suna tsinuwa a kan abin da rabi na biyu ya warware. Duk wanda ya yi haka ya ji kowace kalma daram, zai iya rantsuwa an faɗe ta, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da ake nufi ne ya kuɓuce masa.

Lissafin nan na ɗaya cikin hamsin ma abin tsayawa ne a kansa. Baƙuwar kalma na bayyana kanta ne saboda arba'in da tara ɗin da ke kewaye da ita sanannu ne. Haka mugun furuci guda daga bakin amini: shekarun da aka yi tare su ne ke fassara shi, su ce gajiya ce, ko ɓacin rai, ko suɓul da baka. Wanda ba a zauna da shi ba, ba a ci tare ba, ba a je masa gaisuwa ko barka ba, kowace kalmarsa baƙuwa ce, kuma baƙuwar kalma ta fi saurin ɗaukar mummunar fassara. Kyakkyawan zato ba a rana ɗaya ake samunsa ba. Yawan cuɗanya cikin ƙananan al'amura masu sauƙi ne ke gina shi, kamar yadda littattafai masu sauƙi ke gina idon ɗalibi. Zumuncin da aka yi sakaci da shi a lokacin lafiya ba ya iya fassara magana a lokacin rigima.

Akwai kuma kishiyar wannan cuta. Wani ɗalibin idan aka ce masa ya daina tsayawa, sai ya koma gudu, ya haye "ba" da "muddin", ya karanta abin da yake so a ce an rubuta. A cikin mutane shi ne mai cewa "na gane, na gane" tun ba a kai tsakiya ba, ya ƙarasa wa mai magana zancensa da abin da ke ransa shi. An ce masa za a taimaka idan hali ya yi, shi ya ji an yi alkawari. Tsalle na da amfani ne kawai idan an san abin da aka tsallake.

Tsayuwa, tsalle da waiwaye, kowanne da gwargwadonsa: da su ukun aka halicci ido, kuma da su ake fahimtar mutum. Wanda aka kawo wa magana, hakkin mai ita ne a bar shi ya kai aya. In wata kalma ta yi ɗaci, a riƙe ta a ci gaba da saurare, wataƙila maganinta na gaba kaɗan. In an kai ƙarshe ma'ana ba ta haɗu ba, a koma daidai wurin a ce, "Ɗan'uwa, da ka ce kaza, me kake nufi?" Tambayar ba ta ɗaukar minti guda, kuma gaba da yawa da aka shekara ana yi, rashin yin ta ne mafarinsu.