Amanar Alƙalami a Ajin Ƙaramar Sakandare

   

Ya ɗan'uwana malami da ke koyarwa a Gude ko cikin garin Mubi, ka san abin da zan faɗa. Ka ba yara aikin gida, washegari su tara littattafai a teburinka, ka tarar jimlolin iri ɗaya ne, har kuskuren ma iri ɗaya, domin daga wayar yayan wani aka kwafo. Yaron bai ɗauki abin a bakin komai ba. Mu ma da namu laifin, tunda mun saba masa da kwafar allo, muna ba da maki mai yawa ga wanda ya maido mana kalmominmu ba canji.

Magabatanmu ba haka suka riƙi ilimi ba. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai an jero waɗanda aka ji ta daga gare su. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma wasiƙarsa ta iso sarakunan Katsina da Agadas, ya rubuta littafi sukutum a kan bambanci tsakanin mawallafi da ɓarawo, saboda zafin kwashe masa aiki da aka yi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa ya wallafa Ida'un Nusukhi domin ambaton shehunnan da ya ɗauki karatu a wurinsu. Dubi tsofaffin littattafanmu na hannu: marubuci yakan sa sunansa a ƙarshe a matsayin wanda ya kwafa, ya roƙa wa kansa da iyayensa gafara, ya bar wa mawallafi littafinsa. Ya kuma inganta a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zargi mai nuna ya mallaki abin da ba a ba shi ba. A ajin da Musulmi da Kirista ke zaune benci ɗaya wannan darasi ba ya raba kai, domin hani ga sata da shaidar zur yana cikin littafin kowa.

Sai dai a rabe wa yara abubuwa biyu. Jingina wa kai maganar wani cin amana ne ko da mai maganar ya shekara ɗari biyar a kabari. Haƙƙin mallaka kuwa maganar dukiya ce. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa shari'a tana kare haƙƙin wallafa da ƙirƙira. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare littafi tsawon rayuwar mai shi da shekara 70 bayansa. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka littafinsa Magana Jari Ce bai zama na kowa da kowa ba tukuna. A kasuwar shanu ta Mubi ba mai hankalin da ke biyan kuɗin sa bai san mai shi ba. To me ya sa muke miƙa waya a shagon caji a cika mana ita da fina-finan Kano da waƙoƙi, ba mu tambayi ko masu su sun yarda ba?

Na san za a ce littafi ya yi tsada, kuma addini ya hana ɓoye ilimi. Gaskiya ne, ban kuma raina wannan hujja ba, musamman a ƙasar da makarantunta suka sha wuya lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a 2014. Ita ma doka ta bar ƙofa: ɗalibi na iya ɗaukar ɗan yanki don nazari ko sharhi, ya ambaci littafin da mai shi. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a gurza littafi gaba ɗaya a injin kwafi a riƙa sayarwa. Shi kansa Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, ya narkar da su, ya sake gina su da Hausarsa. Yaro ya ga haka, ya gane cewa amfana da na gaba halas ne idan ka zuba naka gumin.

Ga aikin da nake ganin ya fi dacewa da yaran Gude. A tura kowa wurin kakarsa ko wani dattijon unguwa, ya nemi tatsuniya ko tarihin ƙauyensu da harshen Gude, ya rubuta da Hausa ko Turanci. A ƙasan takardar ya sa sunan wanda ya ba shi labarin, da wurin, da ranar, da wanda shi dattijon ya ji daga bakinsa. Kafin a karanta a gaban aji, ya koma ya nemi izininsa. Malami kuma ya ware wa wannan layi na ƙasa makinsa daban.