Layi Uku, Mutum Ɗaya: Najashi Ya Shigo Waya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daren Talata bayan sallar Isha'i, ina neman takalmina a ƙofar masallaci nan Rigachikun, sai na lura wani matashi ya tsaya yana jira mutane su watse. Na san shi, ba ya wasa da sahun farko. Sana'arsa sayar da wayoyi na hannu: ya saro a cikin gari, ya yi gwanjonsu a wani guruf na WhatsApp. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, layi uku gare ni. Ɗaya da sunana, ɗaya da sunan mace, ɗaya kuma na sa hoton wani dattijo. In na sa waya aka fara tayi, na ga abin ya yi sanyi, sai in shigo da layi na biyu in ƙara dubu biyar. Amma wallahi ban taɓa ɓoye aibin waya ba, ko batir ne ya yi rauni ina faɗa. Kuma ban tilasta wa kowa ba. Akwai laifi?"

Na nemi izninsa in kawo maganar nan ba tare da suna ba, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Masu gwanjon atamfa da takalma da kayan kicin a Facebook da TikTok, da yawa sun san wannan dabara.

Yawan layi ko yawan akawun shi kaɗai ba laifi ba ne. Da yawanmu layi biyu muke riƙewa saboda matsalar sabis, wani kuma ya raba na kasuwa da na iyali don ya samu barci. Ko eBay, kasuwar gwanjon intanet da aka kafa a Amurka a 1995, ta yarda mutum ya buɗe akawun fiye da ɗaya, wannan na saye, wancan na sayarwa. Abin da ta hana shi ne ka taya kayanka da kanka, ko ka sa naka su taya maka don farashi ya hau. Gwanjo shi ma halas ne a wurin jumhurun malamai. Akwai hadisin Anas a littattafan Sunan cewa Annabi (SAW) ya sayar wa wani mabuƙaci shimfiɗa da ƙoƙo, wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi mai ƙari, aka sallama a dirhami biyu. Wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma aikin Musulmi ya gudana a kan haka, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da halaccinsa a zamanta na Burunai a 1993.

To ina matsalar take? Tana wurin abin da sunan nan na biyu yake faɗa.

Abin da ƙanen namu yake yi yana da suna tun kafin a haifi kakanninmu: najashi. Shi ne mutum ya ƙara kuɗi a kan haja alhali ba ya nufin saye, don wani ya ruɗu ya bi bayansa. Hani a kansa ya tabbata daga Ibnu Umar a Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. Asalin kalmar a Larabci daga farauta take: mai tayar da nama daga maɓoyarsa ya koro shi inda ake dakonsa. Ku dubi yadda sunan ya dace. Mai saye yana zaune da lissafinsa, sai a zaburo shi.

A da, najashi sai da abokin cin mushe. A kara, in kana son a yi maka, dole ka nemo wani, ka buɗi baki ka gaya masa abin da kake so, ka ba shi nasa kason. Yana iya cewa a'a. Yana iya tona ka. In ya yi sau uku, dillalai sun gane fuskarsa. Wannan kunya ta buɗe baki ta tsare mutane da yawa da tsoron Allah bai tsare su ba. Waya ta ɗauke shingen. Yanzu kai ne mai kaya, kai ne mai tayi, kai ne ma wanda zai rubuta "Masha Allah, wannan waya ta yi arha", duk kana kwance a ɗaki.

Sai na koma kan maganarsa cewa bai yi ƙarya ba. Na ce, ƙanena, tayi ai magana ce. Duk wanda ya ce "dubu tamanin" yana cewa ne: ni wani ne daban, ina so, kuma zan biya. A layinka na biyu duka ukun ƙarya ne. Mai sayen nan bai san ainihin darajar wayar ba, shi ya sa ya shigo gwanjo yana auna ta da sha'awar mutane. Ka gaya masa gaskiya a kan batir, ka yi masa ƙarya a kan kasuwa. Duk wanda ya taɓa shiga mota a tasha don ya ga saura mutum biyu, yana zama sai "fasinjoji" suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ya san ɗacin abin. Babu wanda ya tilasta masa shiga. Amma an cuce shi, kuma ya sani.

Kada a ɗauka tsananin malamai ne kawai. A shekarar 2000 wani lauya a Amurka, Kenneth Walton, ya sa wani zane a eBay ya bar mutane suna zaton na wani shahararren mai zane ne. Tayi ya hau har dala 135,805 kafin kamfanin ya soke cinikin. Da aka bincika, shi da abokansa biyu sun yi amfani da sunaye sama da 40 suna taya kayan junansu. An gurfanar da su a 2001, kuma Walton ya amsa laifi. Waɗanda ba su karanta Muwaɗɗa ba ma sun kira abin zamba.

Hujjarsa mai ƙarfi ta zo daga baya, kuma ba zan raina ta ba. Ya ce, "Malam, na sayi waya dubu casa'in, tayi ya tsaya a saba'in. In sallama in faɗi? Ni kuɗina kawai nake karewa." A nan akwai magana a littattafai. Ibnul Arabi, malaminmu na Malikiyya, yana ganin in mutum ya ga ana shirin karya wa wani haja ƙasa da darajarta, ya ƙara don ta kai ƙimarta, bai yi najashi ba. Ibnu Hajar ya kawo wannan a Fathul Bari bai gamsu ba, domin ana iya yin nasihar ba tare da an nuna ana son saye ba. Ni ma nan na karkata. Kuma ko a ra'ayin Ibnul Arabi, wani ne na gefe yake taimakon mai kaya. A naka, kai mai riba kai ne alƙalin da ke yanke "ƙima". Wa zai tsayar da kai a casa'in ranar da ka ga wani ya zaƙu zai kai ɗari da ashirin? Ya yi dariya, ya ce ya taɓa faruwa.

Maganin kuwa yana bakin kowane ɗan kasuwar Bahaushe: "albarka". Faɗi tun farko, da sunanka, cewa ƙasa da casa'in ba ka sallamawa. Haƙƙinka ne. Na san guruf ɗin zai ɗan yi sanyi, domin abin da ke jan mutane shi ne zaton za su tsinci dami a kala. Wannan sanyin shi ne kuɗin gaskiyar, sai a biya.

Masu saye ma kada su yi murna. Akwai mai taya kaya da arha da akawun ɗaya, ya zo da na biyu ya zabga kuɗin da zai kori kowa, ana dab da rufewa ya janye na biyun, kaya su faɗo masa a banza. Najashi ne aka juya masa baya, mai kaya aka farauta. A Mukhtasar na Khalil an yarda ka roƙi wani daga masu tayi ya bar maka, amma ba a yarda ka rufe bakin kowa da kowa ba. Haka gwanjon intanet da hukumar Kwastam ta fara a 2017, wanda ake shiga da lambar haraji ta TIN: an ɗaura shi a kan lambar ne don a san mutum ɗaya mutum ɗaya ne. Mai tattara lambobin 'yan uwa yana shiga da fuska biyar ya karya sharaɗin da ya amince da shi lokacin rajista.

Saura cinikin da ya wuce. Hanafiyya da Shafi'iyya suna ganin ya ƙullu, zunubi na kan mai yi. A mashhurin Malikiyya, in da sanin mai kaya aka yi, mai saye yana da zaɓi: ya riƙe ko ya mayar. A nan ba a ma tambayar sani, tunda mai kaya shi ne mai tayin. Abin da na ba shi shawara: ya bi saƙonnin baya, tunda waya ba ta mantuwa, ya duba inda tayin gaskiya ya tsaya kafin ya sa hannu, ya kira mai saye ya gaya masa, ko ya mayar masa da abin da ya hau, ko ya karɓi wayarsa, ko shi mai sayen ya yafe da sani.

Jiya ya turo mini saƙo. Ya ƙirga ciniki goma sha ɗaya. Ya samu mutum tara, huɗu sun yafe, ɗaya ya zage shi ya fita daga guruf ɗin, sauran ya tura musu kuɗinsu. Biyu lambarsu ba ta shiga. Na ce ya ware kuɗin ya ci gaba da cigiya, in ya ɗebe tsammani ya yi sadaka da niyyar ladan nasu ne, da sharaɗin in sun bayyana ba su yarda ba zai biya su.

Wallahu a'alam.