Idan gwaninka ya fara ja da baya, mi za ka ce masa?

Kawuna yana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, cike da kaset. Lokacin da na je hutu gidansa ina ɗan lise, ya ga ina sauraren Phil Collins a salula, sai ya yi dariya ya ce: “Kai yaro, wannan da kake ji mai ganga ne. Zo in gwada maka inda ya fito.” Ya jawo akwatin, ya fiddo kaset takwas jere da juna, kowace da shekararta rubuce da biro, daga 1969 zuwa 1976, duka na ƙungiyar Genesis. Na ce: “Kawu, daga nan suka watse?” Ya ce: “Daga nan sunka mutu.” Sai daga baya na gano cewa bayan wannan mutuwa da Kawu ya yi musu sun sake fitar da kundi bakwai, kuma a cikinsu ne suka samu mafi yawan kuɗinsu da sunansu.

Tun ranar nake juya wata tambaya a raina, kuma ita nake so mu duba tare, ƴan uwa. Wanda ya taɓa ba ka abu mai kyau, ya buɗe maka kai, in aikinsa ya fara raguwa, mi yake bin ka? Halacci ne, ka yi ta yabo kana rufe ido? Ko gaskiya ce, ka faɗa masa ko da zai ji zafi? Ko kuwa ka yi irin ta Kawu, ka rufe akwati ka ce ya mutu?

Bari in fara da labarinsu, don wanda bai san su ba. Ƴan makaranta ne kamar mu suka kafa Genesis a 1967, a wata makarantar kwana ta Ingila mai suna Charterhouse. Peter Gabriel ke waƙa yana busa sarewa, Tony Banks na kan piyano da danginta, Mike Rutherford na kan jita. Phil Collins ya shigo a 1970 a matsayin mai ganga, Steve Hackett ya biyo shi da tasa jitar jim kaɗan. Irin kiɗan da suke yi shi ake kira progressive rock, wato rok mai neman wuce iyakar da aka saba. Waƙar rediyo minti uku ce ko huɗu, da amshi mai saurin kama kunne. Su kuwa sai su gina waƙa kashi-kashi kamar labari, ta fara a hankali, ta canza tafiya, ta hau, ta sauka, ganga tana bin lissafin da ba a iya rawa da shi. A kundin Foxtrot na 1972 akwai waƙa ɗaya, “Supper's Ready”, mai kusan minti 23, ta cinye kusan gefe guda na faifai ita kaɗai. Ranar da na fara jin ta ban fahimci Ingilishin ba, amma ban tashi daga tabarma ba har ta ƙare.

Sai aka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Gabriel ya fita a 1975. Suka gwada mawaƙa da yawa ba su dace ba, daga ƙarshe mai gangar ya taso daga baya ya kama waƙar. Hackett ya fita a 1977, don yana ganin ba a ba abin da ya tsara isasshen wuri. Saura uku, har suka sa wa kundin 1978 suna da ke faɗin haka. Daga nan waƙoƙin suka riƙa gajarta suna sauƙi, rediyo ta karɓe su hannu biyu. A 1986 waƙar “Invisible Touch” ta hau ta ɗaya a Amurka, kuma wadda ta sauke ta daga wurin ita ce “Sledgehammer” ta tsohon abokinsu Gabriel. Collins ya tafi a 1996. Banks da Rutherford suka ɗauko wani matashi ɗan Sikotlan, Ray Wilson, suka yi Calling All Stations a 1997. Tikitin rangadin Amurka bai saidu ba har aka soke shi. Wannan shi ne kundinsu na 15, kuma na ƙarshe.

To a ina raguwar ta fara? In ka tambayi Kawu, 1977. Akwai waɗanda suka fi shi tsanani, su ce tun ranar da Gabriel ya fita. In kuwa ka tambayi kasuwa, za ta ce ai 1986 ne ganiyarsu, ba su faɗi ba sai 1997. Wannan saɓani ya nuna mini cewa in muka ce “sun lalace” muna cuɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba ne, kuma kafin mu yanke wa kowa hukunci sai mun raba su.

Na farko, mutum ya canza hanya. Mai gina gidan sama ya koma gina ɗakuna ƙanana. Ƙaramin ɗaki yana iya zama ginannen kirki. Gajeruwar waƙa da za ta zauna a kan mutum shekara talatin ba wasa ba ce, wanda ya taɓa gwada rubuta labari a shafi ɗaya ya sani. Na biyu, mai sauraren ne ya canza. Kawu ya ji waɗannan kaset yana saurayi, yana da gashi, yana da buri, abokansa duk suna da rai. Babu kundin da za a yi masa yau ya dawo masa da wannan. Wani sashe na fushinsa da Genesis fushi ne da shekaru, kuma su ba su ci masa wannan bashi ba. Na uku shi ne raguwa ta gaske: hannu ya saba har ya daina nema, mutum yana maimaita abin da ya taɓa yi masa amfani, aikin ya fito sumul amma babu abin da zai ba ka mamaki a ciki.

Ni na yi sa'a ɗaya da Kawu bai yi ba: ta baya na shigo. Na fara jin na 1986 kafin na 1972, saboda haka babu ƙuruciyar da nake karewa. Na zauna na saurari duka goma sha biyar a jere cikin hutu guda, kuma ga abin da kunnena ya gaya mini. A kundin shekarun 1980 akwai canjin hanya da yawa, akwai raguwa kaɗan. Har a cikin Invisible Touch akwai “Domino”, mai fiye da minti goma, inda tsohuwar jijiyar take motsi. Amma akwai kuma waƙoƙin da na ji kamar an yi su ne don a cika faifai. Na 1997 kuwa, ko da muryar yaron tana da kyau, na ji gajiya a cikinsa. Waƙoƙi da dama ba su ƙarewa, sai dai a rage sauti a hankali har su ɓace, kamar mai hira da barci ya kwashe. Saboda haka Kawu yana da gaskiya cewa an ragu. Inda ya kuskure shi ne ya yanke hukunci a kan kundi bakwai da bai taɓa zama ya saurara ba.

Mi ya jawo raguwar? Nan ra'ayina ne nake faɗa. Lokacin da suke su biyar, kowa yana da kai, kowa yana jan waƙa zuwa nasa gefe. Kafin wani sashe ya shiga faifai sai ya tsallake mutum huɗu masu iya cewa a'a. Wannan gardama ce ta kori wasu, amma ita ce kuma take tace aikin. Da aka koma uku, masu cewa a'a suka ragu. Da aka koma biyu, suka ƙara raguwa. Ga kuma nasara, wadda ke tara wa mutum masu cewa “ya yi” ko mi ya kawo. Wa zai dubi wanda ya cika filin ƙwallo da mutane ya ce masa wannan waƙar ba ta nuna ba? Na yarda akwai shekaru, akwai matsin kamfanonin faifai, akwai iyali da hidima. Amma ina ganin babban abin da gwani ke rasawa in ya daɗe shi ne mutumin da zai ja masa riga.

In haka ne, amsar tambayata ta fara fitowa. Mai yabon kome yana ɗauka halacci yake yi. A fadarmu akwai wani abokina haka, duk abin da mawaƙinsa ya fitar sai ya ce ba a taɓa yin irinsa ba, in ka ce uffan ya ce hassada. Amma yabon da ba ya bambanta mai kyau da maras kyau ba shi da amfani ga kowa. In ka ce na 1997 daidai yake da na 1972, to ka nuna ke nan ba ka taɓa jin abin da ya sa na 1972 ya zama abin da ya zama ba. Ka ci mutuncin aikin da kake cewa kana so. Kuma ka shiga sahun masu cewa “ya yi”, waɗanda su ne suka taimaka aka ragu.

Mai rufe akwati shi ma yana ɗauka gaskiya yake riƙe da ita. Amma gaskiyar da ba ta saurara ba, girman kai ce kawai. Kuma akwai rashin adalci a ciki, don yana so mutane masu rai su tsaya cik a shekarar da ta yi masa daɗi, kamar hoto a bango. Su ma suna da haƙƙin su gaji da waƙar minti 23, su gwada wani abu, su ci abinci da sana'arsu, har ma su yi kuskure. Kundi maras ƙarfi ba ya komawa baya ya goge mai ƙarfi. Foxtrot yana nan yadda yake tun 1972, abin da aka yi a 1997 bai rage masa ko daƙiƙa ba.

Su kansu sun nuna wani irin halacci da ya fi na magoya bayansu hankali. A 1982 Gabriel ya shirya bikin WOMAD na farko, don kawo kiɗan Afirka da Asiya gaban Turawa, bikin ya bar shi cikin bashi mai nauyi. Mutanen da ya bari shekara bakwai da suka wuce suka hau dandali tare da shi dare ɗaya a Milton Keynes don a biya bashin. Ba su ce ya dawo ba, shi ma bai ce su koma irin kiɗan da ba. Kowa ya ci gaba da hanyarsa. A watan Maris na 2022, da suka yi wasansu na ƙarshe a Landan, Collins yana zaune a kujera don jiki ya ƙi, ɗansa Nic ne a kan ganga, Gabriel kuwa yana cikin ƴan kallo. Abin da na ɗauka daga nan shi ne halacci ga mutum ake yi wa, hukunci kuwa a kan aiki ake yanke shi. Kana iya tsayawa da mutum a ranar wuyarsa ba tare da ka rantse cewa duk abin da ya yi daidai ne ba.

Yanzu in faɗi abin da ya sa wannan magana ta dame ni har na rubuta ta. Akwai wani yayanmu a harkar rubutu, ba zan faɗi sunansa ba. Labarinsa na farko da na karanta, a irin wannan takarda ta fotokofi, shi ya sa na yarda cewa ana iya rubuta rayuwarmu da Hausa ta fito da kyau. Ba don shi ba da ban ɗauki alƙalami ba. Labaransa uku na baya-bayan nan kuwa ba su kai ba. Mutane iri ɗaya, ƙarshe iri ɗaya, karin magana a inda ya kamata a ga abu yana faruwa. Ya karanta mana na ukun muna shan shayi, da ya gama muka tafa, ni ma na tafa. Da muka fito wani ya ce mini a hankali: “Ai wane ya ƙare.” A dare ɗaya mun yi masa laifin nan biyu: a gabansa mun zama masu cewa “ya yi”, a bayansa mun rufe akwati.

Na kwana uku ina jin kunyar wannan tafi. Ranar ta huɗu na sake karanta labarin sau biyu da fensir a hannu, don kada in yi irin ta Kawu. Na tarar da shafi ɗaya, inda wata tsohuwa ke ƙirga canjin da jikanta ya kawo mata daga kasuwa, wanda ya kai duk abin da ya taɓa rubutawa. Na je na same shi na ce: “Yaya, ina da magana, in ka yarda.” Na fara da shafin, na faɗa masa abin da ya sa ya yi kyau. Sannan na ce sauran ba su kai shi ba, na nuna masa wurare huɗu. Ya yi shiru, fuskarsa ta canza. Ya ce: “Yanzu kai ne za ka koya mini rubutu?” Na ce: “A'a Yaya, kai ka koya mini, shi ya sa na gane.” Bai amsa ba. Ya naɗe takardun ya sa aljihu, ya ce zai duba.

Har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba, kuma ba zan ce muku abin bai yi mini ciwo ba. Hausawa na cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma wanda aka ce wa ya gyara ba kullum yake jin haka ba a ranar. Duk da haka, in aka mayar da ni wancan dare, tafin ne zan janye, maganar kuwa zan sake yin ta. Kuma ina roƙonku, ranar da kuka ga nawa rubutun ya fara maimaita kansa, ku karanta shi har ƙarshe tukuna, sannan ku zo ku same ni ni kaɗai ku faɗa mini.

Kawu kuwa, hutun da ya wuce na tura masa “Domino” a salularsa ban gaya masa shekararta ba. Ya saurara har ƙarshe yana kaɗa kai, ya ce: “Wannan a wane kaset take? Ban tuna ta ba.” Na ce ta 1986 ce. Ya harare ni, ya ce in sake sa ta daga farko.