Shaidu Biyu a Kan Wilin Linzami

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana. Yabo da godiya su tabbata gare Shi, wanda Ya halicci yatsa Ya yi masa gaɓoɓi, Ya kuma ba ɗan Adam hankalin ƙera abin da yatsan zai sarrafa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, musabbabin wannan rubutu wata tambaya ce da ɗan ƙanena, yaro ɗan shekara 12, ya kawo mini bayan sallar la'asar. Yana koyon haɗa wasa da Scratch, harshen nan na masu farawa da aka ƙirƙiro a cibiyar Media Lab ta jami'ar MIT da ke Amurka ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick, aka fitar wa jama'a a 2007. A cikinsa tubala masu launi ake jawowa, a ɗora wani bisa wani, su zama umarni. Wasan yaron na jan ruwa ne: ga rijiya, ga guga, ga igiya. Burinsa idan mai wasa ya murza ɗan wilin nan da ke tsakanin madannan linzamin kwamfuta, wanda aka fi sani da maus, guga ya nutsa, idan ya murza a juye guga ya hauro.

Ya ce, "Baffa, na duba tubalan nan kaf, babu na wili."

Gaskiya ya faɗa. Akwai tubalin da ke gaya maka inda linzami yake ta kwance da ta tsaye, akwai mai gaya maka ko an danna shi, amma wili ba a ware masa ko ɗaya ba.

Ka sani, ya ɗan'uwa mai karatu, wili baƙo ne a jikin linzami. Linzamin farko da Douglas Engelbart da Bill English suka ƙera a 1964 akwatin katako ne mai madanni guda. Wilin yatsa sai bayan shekaru talatin da ɗoriya ya bazu, lokacin da Microsoft ta fitar da IntelliMouse a 1996. A yawancin linzamai, cikin wilin akwai abin da ke yanke haske ko wutar lantarki yana sakewa yayin da yake juyawa, kuma masu saurare biyu ne aka ajiye, ɗaya gaba kaɗan da ɗayan. Wanda ya riga ji a cikinsu shi ke nuna inda aka nufa. A Windows kowane taki guda na wilin ana ƙidaya shi 120, domin wili mai laushin juyi ya samu damar aiko da rabin taki ko rubu'insa.

A nan ne asalin mas'alar yake, kuma a nan nake so a tsaya a natsu. Abin da kwamfuta ke ji daga hannun mutum iri biyu ne: hali da aukuwa. Madanni yana da hali, domin yatsa na iya zama a kansa, kuma duk lokacin da ka tambaya za a ce maka a danne yake ko a sake yake. Wili kuwa ba shi da halin da yake zama a kai. Ya motsa, ya wuce, kamar walƙiya. Wanda ya tsaya yana tambaya ko wili a murje yake, ya nemi abin da babu. Yaron ya riga ya saba da tambaya: ya sa tubalin maimaitawa har abada, a ciki yana bincikar madannai, wasan kuma yana kewayowa wajen sau 30 a daƙiƙa. Wannan hanya tana kama mai hali. Mai aukuwa sai dai ka zauna a bakin ƙofa, labarinsa ya zo ya same ka.

To ta wace ƙofa labarin wili ke shigowa Scratch? Ta ƙofar aro. Akwai tubali ruwan ɗorawa mai hula, wanda ke farkawa idan an danna kibiyar sama ta allon rubutun kwamfuta, da ɗan'uwansa na kibiyar ƙasa. Idan aka murza wili gaba, na saman ya farka tamkar an taɓa kibiyar. Idan aka murzo shi baya, na ƙasan ya farka. Na sa yaron ya gwada, guga ya motsa, fuskarsa ta washe. Ba a jima ba ya dawo.

"Baffa, ai kiban nan su ne ke tafiyar da mai jan ruwan. Yanzu in na danna kibiya guga ma sai ya motsa."

Na ce, "Madalla, ɗana, yanzu ka iso wurin karatun. Kana da shaida guda, nemo na biyu."

Shaida na biyu shi ne tubalin nan shuɗi mai kusurwa shida, wanda ake tambaya ko kibiyar sama a danne take, ya amsa da i ko a'a. Shi halin madannai kaɗai yake dubawa, wili bai shafe shi ba. Saboda haka idan mai hula ya farka, sai nan take a tambayi mai kusurwa shida. In ya ce a danne take, to kibiya ce da gaske, a ƙyale guga. In ya ce a'a, alhali ga mai hula ya farka, babu wanda ya tashe shi sai wili. Tubala kaɗan ne: mai hula a sama, a ƙarƙashinsa tubalin sharaɗi, a cikin sharaɗin tubalin korewa ya rungumi tambayar.

Duk wanda ya zauna a zaure ya karanci Ajurrumiya, littafin nahawun Larabci na Ibn Ajurrum, wanda ya rasu a shekara ta 723 bayan Hijira, zai gane wannan hujja da gani. Malam ya koya mana alamomin suna, ya koya mana alamomin fi'ili, da aka zo kan harafi sai aka ce ana gane shi ne da rashin karɓar alamun waɗancan biyun. Rashin alama ya zama alama. Ranar da na ga hujjar nan ta dawo mini ta hannun yaro da kwamfuta, na yi tasbihi ga wanda Ya sa hankali yake bin turba guda a fannonin da ba su san juna ba, na kuma yi wa malamaina addu'a.

Aron suna irin wannan ba Scratch kaɗai ke yin sa ba. A tsofaffin fitowar Pygame, wani kayan haɗa wasannin kwamfuta, murza wili yana zuwa ne da sunan madanni na 4 da na 5, kafin daga baya a ba shi sunansa na kansa. Ni a ganina ya kamata a ce Scratch ma ta yi wa wili tubalinsa bayyananne, domin harshen da aka yi wa yara bai dace ya ɓoye musu ƙofa ba. Amma ina yaba musu abu guda: da suka sake ginin harshen suka fitar da Scratch 3.0 a Janairun 2019, sun bar wannan ɗabi'a yadda take, wasannin da yara suka ɗora a kanta ba su rushe ba. Riƙon amana ne.

Saura wasu abubuwa da na ja kunnensa a kai. Kada ya cika aiki a ƙarƙashin mai hula, domin matuƙar aikin farko bai ƙare ba, murzawar da ta biyo baya takan wuce ba a ji ta ba. Mafi kyau ya buɗe ma'ajiyar lamba ya sa mata suna zurfi, kowace murzawa ta ƙara mata 10 ko ta rage, wani tubalin dabam ya riƙa kai guga inda lambar ta ce. Ya kuma yi mata iyaka, don filin wasan daga 180 a sama yake zuwa 180 a ƙasa, ba ya wuce nan. Ya sani cewa Scratch alƙibla kawai take ji, adadin nan na 120 ba ya isowa gare ta, kuma sai ɗan kibiyar linzamin yana kan filin wasan sannan take ji. Idan mai wasa ya riƙe kibiyar sama kuma ya murza wili gaba a lokaci guda, shaidun biyu za su haɗu a kan kibiya, a rasa wilin.

Na ƙarshe shi ya fi damuna. Da yawa daga abokansa da waya ko kwamfutar cinya za su buɗe wasan, babu linzami balle wili. Na ce ya zana alamu biyu a gefen rijiyar, wanda ba shi da wili ya taɓa su da yatsa ya ja ruwansa. Yana cikin zana ta biyun aka kira magariba, ya adana aikin, muka tashi alwala.