Ɗaya Yana Ci, Huɗu Suna Kallo: Zalunci Ne?

Ga wata tambaya da ke damun uwaye da yawa a garuruwanmu, musamman da tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuwa bai nuna ba.

Uwa ta kai ɗanta likita. Aka zagaya masa abin awo a damtse, ya nuna ja, wato bai kai santimita 11 da rabi ba. Aka ce tamowa ce mai tsanani. Aka ba ta abincin nan na leda, Plumpy'Nut, na mako guda, aka gargaɗe ta cewa na wannan yaro ne shi kaɗai. Ta koma gida, sai ga sauran ƴaƴa huɗu sun zuba mata ido, su ma ba su ƙoshi ba. In ta hana su, ta yi zalunci ke nan?

Kada mu yi saurin ganin laifinta in ta raba. Ƙauna ce ta sa. Amma bari mu duba abin da ke cikin ledar nan. Gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, giram 92 kowace ɗaya, an kuma ƙidaya su bisa ga nauyin yaron. Magani ne, ko da ya yi kama da ƙwalama. Yayyensa za su iya rayuwa da tuwo da fura. Shi ba zai iya ba, gama ba ya iya cin abu da yawa, kunu mai ruwa-ruwa kuwa cika ciki kawai yake yi. Wanda ya ƙi ci sam, ko jikinsa ya kumbura ƙwarai, kwantar da shi akan yi, a fara ba shi madarar F-75 kaɗan-kaɗan dare da rana, domin zuciyarsa ta raunana, abinci mai nauyi gaba ɗaya yana iya kashe shi. A yunwar 2005, dubban yara a jihar Maraɗi sun warke a gidajensu da irin ledar nan. In an raba ta biyar, ba wanda ya ƙoshi, mai ciwon kuwa ya rasa maganinsa.

Ku tuna da misalin da Ubangiji Yesu ya bayar cikin Luka sura 15. Makiyayi ya bar tumaki 99, ya bi ɗaya da ta ɓata. Ƙin sauran ya yi? A'a. Ita ce ke bakin halaka a ranar nan.

To, sauran huɗun fa? A nan maganar ta koma kanka, maigida. Bai kamata a bar mace ita kaɗai da wannan nauyi ba. Kuɗin goro da shayi na mako guda zai sayi wake. Mukan kuma ga ledar nan a kan tebur a kasuwa, mun san daga bakin wani yaro aka ɗauko ta. Wanda ya sayar da wanda ya saya, dukansu su tambayi zuciyarsu.

Ku dattawan ikilisiya, kun san gidan da ake jinyar mai tamowa a garinku. Ran Lahadi, in kowane gida ya kawo ko rabin tiya ta hatsi, uwar nan za ta sami abin ɗora wa huɗun tukunya kafin ta buɗe wa ƙaramin ledarsa.