Sauri Ya Haifi Nawa

A garin Aujara, cikin ƙaramar hukumar Jahun, an yi wasu 'yan'uwa biyu, Sule da ƙanensa Habu, da suka tashi kafa rumfar awaki bayan kaka. Kirya da marke sun yi wuya a daji, azarar giginya kuwa ta fi ƙarfin aljihunsu, sai suka saro darbejiya.

Habu ya kafa dirkokinsa ɗanyu da ɓawonsu, kafin la'asar ya gama. Sule kuwa ya tafi wurin kawunsu, tsohon magini.

Kawu ya ce, "Ɗana, ɓare ɓawon tukuna, ka jingine su a inuwa su sha iskar hunturu. Farin gefen itace ne ke riƙe da ruwa da zaƙi, shi ƙwari ke bi. In sun bushe, ka babbake gindin da zai shiga ƙasa, sannan ka shafe shi da baƙin mai."

Sule ya yi haka. Garin babbaka ya bar dirka ɗaya ta daɗe a wuta, da ya buga ta cikin rami sai ta karye.

Ya ce, "Kawu, ashe wutar ma tana ɓarna?"

Kawu ya ce, "Zafi yana cinye abincin ruɓa, itacen ya rage shan ruwa. In ya wuce kima, sai ya cinye ƙarfinsa. Kuma gara ba ta tsoron babbaka, shi ya sa na ce ka shafa mai."

Wannan ilimi na Kawu shi masana'antun katako na ƙasar Finlan ke aiki da shi. Suna gasa katako da tururi a zafin digiri 190 zuwa 212, ya yi duhu, ya rage kumbura, amma ba sa ɗora masa nauyin gini. Turakun lantarki kuwa ana jiƙa su da magani mai warin kwalta.

Damina ta biyu, iska ta kwantar da rumfar Habu. Ya ɗaga gindin dirka, ya murza, ya zube masa gari a tafin hannu, gara na ta zarya. Ta Sule na tsaye ƙyam.

Habu ya ce, "Yaya, na yi aikin baban giwa. Gobe ka raka ni wurin Kawu."

Mai karatu, kafin ka kafa itace a ƙasa, ba shi lokacinsa da maganinsa daidai gwargwado. Rigakafi ya fi magani.