Mas'alar Libarba da Harbin Nishaɗi

Samarin da suke ganin wasan harbi na ƙasashen Turai da Amurka, inda mutum kan je wani keɓaɓɓen fili, ya toshe kunnuwansa, ya auna takarda da libarba, sukan tambaya wace iri ce ta dace da mai koyo, kuma amsar gwanayen wannan fanni ba ta da tsawo: ya fara da mai ƙaramin harsashi, wadda ake kira .22, domin ba ta girgiza hannu ƙwarai, harsashinta kuma da araha. Amma mu mutanen Jakara a birnin Kano, da gidajenmu suke jingine da juna, katangar ƙasa ɗaya ce tsakanin ɗakin wani da tsakar gidan maƙwabcinsa, akwai mas'alar da ta gabaci wannan a wurinmu, wato ko ya halatta ga Musulmi ya riƙi makamin kisa abin nishaɗi.

Asalin hukuncin dai a fili yake. Shari'a ba ta ƙi harbi ba, hasali ma ta kwaɗaitar da shi, har Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya halatta a sa lada a tseren dawaki da raƙuma da kuma gasar harbin kibiya, Ibnul Ƙayyim kuwa, wanda ya rasu a 1350, ya wallafa littafi sukutum a kan wannan babi, wato Alfurusiyya. Wanda ya yi ƙiyasin bindiga a kan baka bai kauce ba, tun da abin nufi ɗaya ne, koyon saiti da natsuwar hannu.

Sai dai izinin bai zo ba tare da ƙaidi ba. Ya tabbata a Buhari da Muslimu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani ciwo, ya hana nuna wa ɗan'uwa makami, ya kuma hana a mai da abu mai rai wurin gwada bara. Duk wanda ya taɓa kutsawa cikin Kasuwar Kurmi da hantsi, kafaɗa na gugar kafaɗa tsakanin masu sirdi da masu turare, ya san hikimar umarnin nan ba sai an yi masa sharhi ba.

A nan ne nake ganin ƙiyasin ya yi rauni idan aka zo kan libarba. Kano ba baƙuwar bindiga ba ce, domin tarihin sarakunanta ya ambaci shigowarta daga Nupe a zamanin Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, da kuma cewa Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga. Har gobe ana ganinsu a hawan Sallah, suna ɗura albarushi a bainar jama'a, su ɗaga bakin bindiga sama, ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, kowa ya san wanda ya harba da wanda ya ba shi izini. Libarba kuwa, wadda Samuel Colt ya yi wa rajista a Amurka a 1836, gangarta na juyawa da harsashi yawanci shida, kuma aljihun riga ya ishe ta ɓuya. Maharbi kafin ya zare kibiya daga kwari, ya ɗana, ya ja tsirkiya, ya sami ɗan lokacin da fushi zai huce ko wani dattijo ya riƙe hannunsa, alhali mai libarba babu abin da ke tsakanin zuciyarsa da ran mutum face yatsa a kan kunama.

Saboda haka ban ga zalunci ba a dokar makamai ta Nijeriya ta 1959, da ta sa libarba cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, ta bar bindigar farauta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma a hannun kwamishinan 'yan sanda. Wannan shi ne saddu zari'a, wato toshe ƙofar ɓarna, da malamanmu Malikawa suka riƙa, kuma biyayya ga hukuma a kan abin da yake maslaha wajibi ce. Saurayin da yake son gwanintar saiti tsakani da Allah, sai ya nemi baka da kwari, ko bindigar iska mai lasisi, ya fita bayan gari tare da wanda ya iya.